AIKIN DARE, HASKEN LANTARKI DA AGOGON JIKIN ƊAN ADAM

Kasidar da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya



GABATARWA

Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni damar tsayawa a gabanku, alhali a cikin wannan zaure akwai waɗanda suka ga ranar sunana. Da aka nemi in zaɓi abin da zan yi magana a kai, sai na ɗauki kundin sunayen 'yan ƙungiya na duba sana'o'inmu. Na tarar da ma'aikatan jinya da ungozomomi, da 'yan sanda da sojoji, da direbobin tirela da na motocin safa masu tafiyar dare, da masu gadi, da 'yan kwana-kwana, da ma'aikatan gidajen burodi da na masana'antu, da masu shayi da ke kwana a tasha. Da wuya a sami gida ɗaya a cikinmu da babu wanda yake neman abincinsa a lokacin da sauran jama'a ke barci. Iyayenmu sun ce dare mahutar bawa, amma zaman birni ya mayar da dare wurin aiki ga da yawa daga cikinmu.

Akwai kuma dalili na biyu. Shekarun baya, lokacin ina ƙaramin likita, na kwana a kan aiki a wani asibiti, na fito da misalin ƙarfe takwas na safe, na ɗauki mota na nufi gida. Na tuna na wuce wani shataletale. Abin da na sake sani shi ne ihun wani mai tura baro da ƙarar tayata a kan dakalin gefen titi. Tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Ban sha komai ba, ban kuma yi gudu ba. Barci ne ya sace ni na 'yan daƙiƙu ido a buɗe. Tun daga ranar nake bibiyar abin da masana suka gano game da barci da aikin dare, kuma shi nake so mu tattauna yau.

MENE NE AGOGON JIKI?

Duk wanda ya taɓa noman gyaɗa ya san cewa da almuru ganyenta kan naɗe, da safe kuma ya buɗe. Haka ganyen tsamiya da na tafasa suke yi. Mai kallo zai ɗauka rana ce kawai ke buɗe su. A shekarar 1729 wani masanin taurari ɗan ƙasar Faransa mai suna de Mairan ya ɗauki wani tsiro mai irin wannan hali da ake kira mimosa, ya kulle shi a cikin duhu. Sai ya ga ganyen ya ci gaba da buɗewa da rufewa a kan lokaci, duk da bai ga rana ba. Wannan ya nuna cewa a cikin tsiron kansa akwai abin da ke ƙidayar lokaci.

An daɗe kafin a tabbatar da haka a jikin mutum. A shekarar 1962 wani matashi Bafaranshe, Michel Siffre, ya shiga wani kogo mai zurfi a tsaunukan Alps, ya zauna wata biyu babu agogo, babu hasken rana. Yana ci idan ya ji yunwa, yana kwanciya idan ya ji barci. Da aka fito da shi ranar 14 ga Satumba, a lissafinsa ranar 20 ga Agusta ce. Hankalinsa ya ɓatar da fiye da mako uku, amma jikinsa bai ɓata ba, domin kuwa bayanan da abokan aikinsa suka riƙa rubutawa a bakin kogon sun nuna barcinsa da farkawarsa suna zagayowa kusan kowace awa 24 da rabi. Daga baya, a shekarar 1999, Charles Czeisler da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard ta Amurka suka auna abin da kyau, suka samu cewa zagayen agogon jikin mutum, a matsakaicin lissafi, awa 24 ne da minti 11.

To, ina wannan agogo yake? A shekarar 1972 masu bincike suka gano shi a can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin gani na idanu biyu suka gitta juna. Wani ɗan gungu ne na ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000, wanda girmansa bai kai ƙwayar shinkafa ba. A cikin kowace ƙwaya akwai wasu sinadarai da ke taruwa sannu a hankali, idan sun yi yawa su dakatar da ƙera kansu, su ragu, sannan a sake farawa, kuma zagaye ɗaya yakan ɗauki kusan yini da kwana. Bayyana yadda wannan ke gudana, ta hanyar nazarin ƙananan ƙudajen nan masu bin 'ya'yan itatuwa, shi ya sa aka ba Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci a shekarar 2017.

Bugu da ƙari, an gano cewa hanta da hanji da zuciya da ƙoda, kai kusan kowace gaɓa, tana da nata ƙaramin agogon. Idan muka kwatanta da tsarin da muka sani a gida, agogon ƙwaƙwalwa shi ne hakimi, na sauran gaɓoɓi kuma dagatai ne da masu unguwanni. Hakimi yana karɓar umarni daga haske. Dagatai suna sauraron hakimi, amma wasunsu, musamman hanta da hanji, suna kuma lura da lokacin da abinci ke shigowa. Muddin kowa na bin umarni ɗaya, ƙasa tana zaune lafiya.

Ga kaɗan daga abin da wannan tsari yake gudanarwa a kullum. Awa biyu ko makamancin haka kafin lokacin da mutum ya saba kwanciya, wata 'yar halitta a tsakiyar ƙwaƙwalwa takan fara sakin sinadarin melatonin cikin jini, wanda shi ne mai shelar cewa dare ya yi. Zafin jiki yakan yi ta sauka har ya kai ƙarshen saukarsa wajen ƙarfe huɗu zuwa biyar na asuba. Hawan jini yakan sauka a lokacin barci, zuciya ta huta, ƙoda ta rage yin fitsari, hanji ya rage aiki. Gab da wayewar gari kuma sai sinadarin kotisol ya ƙaru domin ya shirya jiki ga tashi da aiki.

HASKE NE MAI SAITA AGOGO

Tun da zagayen agogon jiki ya ɗara awa 24 da 'yan mintoci, dole ne a riƙa saita shi kowace rana, kamar yadda ake yi wa agogon bango mai jinkiri. Mai yin wannan saiti shi ne hasken da ke shiga ido. A shekarar 2002 David Berson da wasu masana suka nuna cewa a bayan ido akwai wasu ƙwayoyi na musamman da aikinsu ya bambanta da na gani. Su dai suna auna yawan haske ne su aika wa agogon ƙwaƙwalwa. Hasken da ya fi motsa su shi ne mai ratsin shuɗi, irin na sararin sama da hantsi, wanda kuma yake da yawa a cikin fararen ƙwayayen lantarki na zamani da fuskar waya da ta kwamfuta.

Ana auna ƙarfin haske da ma'aunin da ake kira luks. Tsakar rana a fili takan kai luks 100,000. Ofis mai wadatar fitilu yakan kasance tsakanin 300 da 500. Farin wata na daren goma sha huɗu, wanda muke ganin kamar a tsinci allura, bai kai luks ɗaya ba. A shekarar 1980 Alfred Lewy ya nuna cewa haske mai ƙarfi da daddare yana dakatar da fitar melatonin a jikin mutum, binciken da ya biyo baya kuma ya nuna cewa ko hasken ɗaki na yau da kullum yana rage shi.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne lokacin da hasken ya shiga ido. Hasken farkon dare yana tura agogo baya, wato ya sa barci ya makara. Hasken sassafe kuma yana jawo agogo gaba, ya sa mutum ya ji barci da wuri a daren da ke tafe. Kuma agogon ba ya tsalle. Abin da yake iya gusawa a rana guda bai wuce awa ɗaya zuwa biyu ba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu ta ƙasar Sin, inda agogo ya riga namu da awa bakwai, sun san wannan a jikinsu: sai su yi kusan mako suna gyangyaɗi a kasuwa da rana, da daddare kuma ido ya bushe. Mai zuwa Saudiyya kuwa, da yake bambancin awa biyu ne kacal, da ƙyar yake lura.

Mu tuna yadda muka taso a gida. Yini ake yi a gona ko a kasuwa ƙarƙashin rana. Bayan magariba babu wani haske sai na aci-bal-bal ko fitilar ƙwai ko wutar murhu, dukkansu masu rauni ne kuma ja-ja. A yi tatsuniya, a yi wasan dandali idan da farin wata, bayan isha'i kaɗan gari ya yi tsit. Ƙasarmu kuma tana kusa da tsakiyar duniya, don haka bambancin tsawon yini tsakanin damina da hunturu bai kai awa biyu ba. Ke nan iyayenmu sun rayu da rana mai tsananin haske da dare mai tsananin duhu, a kan lokaci guda kusan duk shekara. Mu kuwa a birni mun juya abin: muna yini a ofis ko shago mai ƙarancin haske, mu kwana a gaban talabijin da waya, ga janareta ko sola sun kori duhu. A shekarar 2013 Kenneth Wright na Jami'ar Kolorado ya fitar da mutane takwas daji suka yi mako guda a tanti babu lantarki. Da suka dawo, lokacin fitar melatonin a jikinsu ya matso da wuri da kusan awa biyu. A wani binciken na shekarar 2015 a birnin Boston, mutanen da suka riƙa karatu a na'ura mai haske awa huɗu kafin kwanciya, dare biyar a jere, agogonsu ya makara da kimanin awa ɗaya da rabi idan aka kwatanta da lokacin da suka karanta littafin takarda.

ABIN DA KE SAMUN MAI AIKIN DARE

Abubuwa biyu ne ke haɗuwa su kawo barci. Na farko shi ne agogon da muka yi bayani. Na biyu shi ne abin da zan kira bashin barci, wato wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa gwargwadon daɗewar mutum a farke, wanda barci ne kawai ke share shi. Ga mai aikin rana, biyun suna tafiya tare: da daddare bashi ya taru, agogo kuma ya ce a kwanta.

Mai aikin dare kuwa, da ƙarfe huɗu na asuba bashi ya yi masa katutu, agogo yana tsakiyar darensa, amma aiki ya ce ya buɗe ido ya ba majinyaci allura ko ya riƙe sitiyari. Da ƙarfe bakwai ko takwas ya tashi daga aiki, sai ya fito cikin hasken safiya, wanda ya ninka hasken wurin aikinsa sau da yawa. Wannan haske yana sanar da hakimi cewa gari ya waye, kuma babu abin da ya canja. Ya isa gida a gajiye ya kwanta, bashi ya kayar da shi, amma kafin azahar agogo ya tashe shi, domin zafin jikinsa yana hawa, ƙoda ta koma aikin rana. Shi ya sa barcin rana na masu aikin dare yakan gaza na dare da awa ɗaya zuwa huɗu. Ga kuma namu ƙarin na nan gida: zafin bazara a ƙarƙashin rufin kwano, ɗaukewar wuta, hayaniyar yara, injin niƙa na maƙwabta, da baƙon da ya yi sallama.

Na sha jin 'yan uwa suna cewa, "Ai ni na saba, shekarata goma ina aikin dare." Simon Folkard, wani masani a Birtaniya, ya tattara binciken da aka yi a kan masu aikin dare na dindindin, ya wallafa a shekarar 2008 cewa waɗanda agogon jikinsu ya juya gaba ɗaya ya dace da aikin ba su kai kashi 3 cikin 100 ba. Abin da muke kira sabo, a mafi yawan lokuta, jure wa gajiya ne har mutum ya manta yadda cikakken hutu yake.

Sai kuma batun abinci. Idan aka ci tuwo ko shinkafa da ƙarfe biyu na dare, hanta da hanji sukan ɗauka rana ta yi, alhali hakimi yana cewa dare ne. Umarni ya rabu biyu ke nan. Jiki kuma ba ya sarrafa suga da kyau da daddare kamar yadda yake yi da safe. A wani gwaji da Frank Scheer ya wallafa a shekarar 2009, an juya wa lafiyayyun mutane lokacin ci da barci na 'yan kwanaki, sai uku daga cikin takwas da aka auna suka nuna yawan suga bayan cin abinci irin na wanda ke gab da kamuwa da ciwon suga.

HAƊARIN YAU DA NA GOBE

Haɗarin da ya fi kusa shi ne kuskure da hatsari. A shekarar 1997 wasu masana biyu a Ostireliya, Dawson da Reid, sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, saurin hankalinsa da daidaiton hannunsa sukan ragu kamar na wanda ya sha barasa har ta kai haddin da ƙasashe da yawa suka haramta tuƙi da shi. Idan bashi ya yi yawa, ƙwaƙwalwa takan ɗauke na 'yan daƙiƙu ba tare da neman izini ba, irin abin da ya same ni. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗu ya isa ta wuce tsawon filin ƙwallo babu mai tuƙa ta. Ku auna wannan da tirela ɗauke da shanu ko tumatir a kan hanyar Legas.

Folkard da Tucker sun lissafa a shekarar 2003 cewa haɗarin samun hatsari a wurin aiki yana ƙaruwa da kimanin kashi 6 cikin 100 a dare na biyu, kashi 17 a dare na uku, kashi 36 a dare na huɗu, idan aka kwatanta da daren farko. Manyan masifun masana'antu da duniya ba ta manta ba ma da dama cikin dare suka auku: tashar nukiliya ta Three Mile Island a Amurka da ƙarfe huɗu na asuba a 1979, tsiyayar iskar guba a Bhopal ta Indiya bayan tsakar dare a 1984, da fashewar Chernobyl da ƙarfe 1:23 na dare a 1986. Kowannensu yana da dalilai masu yawa na injina da na shugabanci, amma duk sun faɗo ne a sa'o'in da hankalin ɗan Adam ya fi rauni.

Haɗarin nesa kuwa shi ne na cututtukan da ke taruwa a hankali. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar likitocin Birtaniya a shekarar 2012, wanda ya haɗa bayanan mutane fiye da miliyan biyu, ya samu cewa masu aikin karɓa-karɓa sun fi masu aikin rana haɗarin bugun zuciya da kashi 23 cikin 100. Wani nazarin na 2015 ya samu ƙarin kashi 9 cikin 100 a ciwon suga. Ma'anar lissafin ita ce, inda za a sami mutum 100 da bugun zuciya a cikin masu aikin rana, za a sami kimanin 123 a cikin adadi iri ɗaya na masu karɓa-karɓa. Akwai kuma ƙiba, da hawan jini, da ƙwannafi da sauran matsalolin ciki, da saurin fushi da ƙuncin rai, da rikicewar al'ada ga mata.

Game da ciwon daji, Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya aikin dare a rukunin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo shi, a shekarar 2007, ta kuma sake tabbatar da hakan a 2019, musamman sankarar mama da ta mafitsarar maza da ta babban hanji. Sai dai ita kanta hukumar ta ce hujjar da aka samu a dabbobi ta fi wadda aka samu a mutane ƙarfi, kuma wani babban nazari na Jami'ar Oxford a 2016 bai ga wani ƙarin sankarar mama na a zo a gani ba a tsakanin mata masu aikin dare. Saboda haka kada 'yan uwanmu ma'aikatan jinya su firgita, amma su riƙa zuwa gwaji a kan kari.

TO, MENE NE ABIN YI?

Ba zan ce kowa ya bar aikin dare ba. Mai naƙuda ba ta jiran gari ya waye, ɓarawo ma haka, kuma da wannan aiki ake ciyar da iyali a birni har a aika gida. Amma rigakafi ya fi magani, kuma akwai abubuwan da ke hannunmu.

Ga mai aikin kansa. Na farko, kada ka shiga daren farko da bashi. Ka yi ƙailula mai tsawo, awa ɗaya da rabi ko biyu, bayan azahar ko la'asar. Na biyu, wurin aikinka ya kasance da haske sosai, musamman a rabin farko na dare. Na uku, idan tsarin aiki ya ba da dama, ka runtsa na minti 20 zuwa 30 a tsakiyar dare, ka kuma ba kanka 'yan mintoci magagi ya sake ka kafin ka taɓa wani aiki mai haɗari. Na huɗu, shayi da kofi da goro da lemunan ƙarin kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda ke toshe saƙon adenosin na ɗan lokaci ba tare da ya biya bashin ba. Bayan awa biyar da sha, kusan rabinsa yana nan a jini. Don haka a sha a farkon dare, a dakata idan ya rage awa shida a kwanta. Ƙwayoyi irin su tiramol da wasu matasanmu ke sha don su jure, hanya ce ta kamu da farfaɗiya da lalacewar rayuwa. Na biyar, ka ci babban abincinka kafin ka fita, tsakanin tsakar dare da asuba kuma ka taƙaita ga ruwa da abu mara nauyi kamar gyaɗa ko ƙwai ko 'ya'yan itace. Wani gwaji na shekarar 2021 ya nuna cewa waɗanda suka kwana a farke amma suka tsayar da cin abincinsu da rana, sugansu bai rikice ba kamar na waɗanda suka ci da dare. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura, ya tuntuɓi likitansa kafin ya canja lokacin ci.

Na shida, idan ka tashi da safe, ka rage hasken da ke shiga idonka da baƙin tabarau idan ba kai ne ke tuƙi ba, ka nufi gida kai tsaye ka kwanta. Ɗakin ya yi duhu sosai da labule mai kauri, a kashe waya. Abin nema shi ne awa bakwai a cikin awa 24, ko da a kashi biyu ne, na safe da na yamma. Na bakwai, idan ka ji ido na lumshewa ko ka kasa tuna tafiyar 'yan mintocin da suka wuce, ka sauka daga titi ka tsaya. Buɗe gilashi da ƙure rediyo ba sa korar barci.

Ga iyalai. Barcin da maigida ko uwargida ke yi da hantsi bayan aikin dare shi ne darensu, kuma yana da haƙƙin da daren kowa yake da shi. Kada a kira shi lalaci. Ina roƙon mazan da matansu ke aikin jinya ko ungozoma su dubi Allah: matar da ta kwana tsaye a kan marasa lafiya, bai kamata ta dawo ta tarar da wanki da girki suna jiranta ba. Mu kuma 'yan uwa, idan ɗayanmu bai zo ɗaurin aure ko suna da safe ba saboda ya kwana a bakin aiki, mu yi masa uzuri.

Ga waɗanda Allah ya ɗaukaka a cikinmu suka zama shugabannin ma'aikatu da masu kamfanoni da masu motoci. Yarjejeniya mai lamba 171 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1990, ta tanadi cewa mai aikin dare yana da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta kafin ya fara da kuma lokaci-lokaci. Dokar Tarayyar Turai ta 2003 ta wajabta hutun awa 11 a jere a kowace rana. Mu ma za mu iya koyi. A rage yawan darare a jere, biyu ko uku sun fi bakwai aminci. Idan ana karɓa-karɓa, a bi da agogo gaba, wato safe, sai yamma, sai dare, domin jiki ya fi sauƙin jinkirta barci a kan gaggauta shi. A sa direba biyu a doguwar tafiya. Maigadin da ke tsaron gidanka kuma, idan albashinsa bai ishe shi ba har sai ya yini yana tuƙa babur ko a-daidaita-sahu, to da daddare barci zai yi a ƙofarka, da rana kuma ya ɗauki 'ya'yan mutane yana gyangyaɗi.

Ga sauranmu da ba ma aikin dare amma muka mayar da kanmu masu shi saboda waya da kallo. Mu fita mu sha hasken safiya ko na rabin awa ne, mu rage fitilu bayan isha'i, mu ajiye waya awa guda kafin kwanciya, mu kuma raba yaranmu da ita idan dare ya yi.

KAMMALAWA

Ya ku iyayena da 'yan uwana, mun baro gida ne domin neman abin rufin asiri, kuma babu mai son ya tara abin duniya ya ƙarar da shi a asibiti, ko a kawo gawarsa gida daga kan hanya. Ina ba da shawara ga shugabanni cewa a kowane taro irin wannan a tanadi teburi guda inda likitoci da ma'aikatan jinya na cikinmu za su auna wa jama'a hawan jini da suga kyauta, a fara da masu aikin dare. Ni ne na farko da zan zauna a kan wannan teburi baɗi idan Allah ya kai mu.

Masu komawa Kano da Kaduna da Abuja da Legas bayan an tashi, wanda ya san bai yi barcin kirki ba jiya saboda hirar yaushe gamo, ina roƙonsa ya ƙara kwana, ɗakunan iyayenmu suna nan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.